Magaribar da ta Same mu a Hanya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Jiya jikarki ta dawo tana tsalle, wai makarantarsu za ta kai su ganin gidan sarki. Ita tana murna, ni kuwa sai na tuna tamu tafiyar.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, ina aji uku a sakandaren 'yan mata a Kabo. Rayuwa ta yi tsada, man fetur ya yi wuya, kowane maigida a Garo kuma ya ƙara tsananta tsaron gidansa. Baba da ma dalili yake nema ya cire ni daga boko. Da makarantarmu ta shirya kai mu gidan sarki, da ƙyar ya yarda in je, bisa sharaɗin ki raka ni. Sannan ya tsaya a tsakar gida ya rantse da Allah, in magariba ta yi mini a waje, ni da makaranta har abada. Kin san Baba, magana ɗaya yake yi.

Muka shiga motar da aka ɗauko haya daga Gwarzo, mata zalla, sai direba da malamin tarihi a gaba. Ke da iyakar tafiyarki Gwarzo, kika ƙanƙame ƙarfen kujera kina ta hasbunallahu har Birni.

Na ga soraye masu tsayi da bango mai kaurin gaske, amma rabin hankalina yana kan inuwa. Bayan la'asar aka ce an yi mana alfarma, za mu shiga cikin gida mu gaida wata tsohuwa mai daraja. Maza ba sa wucewa nan, don haka Malam ya tsaya a waje, shi da agogonsa.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura da soyayyen nama. Jakadiyar da ta shigo da mu ta raɗa mana cewa a gidan sarauta baƙo ba ya tashi sai an sallame shi. Tsohuwa kuwa hira ta yi mata daɗi, tana ta labarin sarakunan da. Ƙawayena na lasar yatsa, ni ina kallon hasken rana yana janyewa daga bango.

Sai na ga kin matsa gabanta kin durƙusa. Malamarmu ta zaro ido. Ni 'yar farinki ce, ko sunana ba kya faɗa don kunya, amma ranar kika ce a gaban kowa, "Ranki ya daɗe, a sallame mu, karatun 'yata ne zai faɗi tare da ranar nan." Tsohuwar ta dube ki, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Duk da haka ba mu tsira ba. Mai ya ƙare mana bayan Rimin Gado, direba ya ɗauki galan ya tafi neman 'yan bumburutu. Muna bakin titi aka kira magariba daga wani ƙauye. Ban taɓa jin tsoron kiran salla ba sai ranar. Ina kuka, ke kuwa ko kallona ba ki yi ba, kika yi taimama kika tayar da salla.

Muka tarar da Baba a zaure. Muka gaishe shi, ya amsa da "to" kawai. Kika bi shi turaka, kika daɗe. Har kika koma ga Allah ba ki faɗa mini abin da kika ce masa ba.

Da safe na ninke kayan makarantata na tura ƙarƙashin gado. Na kai wa Baba kokonsa kamar kullum, ya girgiza kai. Na dawo da kwanon, na ɗauka fushi ne ya hana shi sha. Kika karɓa, kika ce ƙasa-ƙasa, "Azumi yake, na kaffarar rantsuwa. Maza ki shirya, kada ki makara."

Ba shi da halin ciyar da miskinai, sai ya biya da cikinsa, ga zafin bazara, ga sharar gona. Inna, duk abin da na karanta daga ranar, a kan ƙishirwarsa da durƙusonki na karanta shi. Ina kewarki ƙwarai.

Allah ya haskaka kabarinki da na Baba, ya shayar da ku daga Alkausara, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Taki mai yi miki addu'a kullum,
Binta