Inna, Sarauniyar Ta Kira Sunan Mijinta

Assalamu alaikum Inna, tare da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa.

'Yarki Hadiza ce. Kaina ya ɗaure, kuma ban da wanda zan tambaya sai ke.

Ran Juma'a muka kalli wani fim a tele, ni da maigidana da yara. Labarin wani sarkin zamanin da ne, da ya auri 'yar sarkin maƙwabta don a daina yaƙi. Kayan da suka sa sun yi kyau, ban musa ba. Amma Inna, sarauniyar nan a gaban fadawa ta dubi tsabar idon mijinta ta kira sunansa, gatsau! Na ce wannan ƙarya ce, wace 'yar mutunci ce za ta yi haka a wancan zamani? Ina faɗa kuma ina share hawaye. To me ya sa ni kuka, in ƙarya ce?

Ke na tuna. Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunan Baba a bakinki ba. Ɗan maƙwabtanmu na Filinge da ya ci sunansa ma, "mai sunan Malam" kike ce masa. In Baba ya dawo daga kasuwar Baleyara, kafin ya sauke kaya kin dama fura, kin aje, kin kau da kai. Kullum kina ce mini, "Kunya ita ta adon ɗiya mace." Na riƙe, ban taɓa saki ba.

Da fim ya ƙare, maigidana ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa jin sunansa a bakina ba, ko sai ya zama sarki? Na ɗauka wasa ne. Jiya ya sake faɗa, ba dariya. Jibi zai tafi cirani, sai damina in Allah ya kai mu, kuma hanya yanzu ba ta da tsaro.

Na gwada kiran sunansa a madafa, ni kaɗai. Harshena ya ƙi.

Ina sonsa, Inna. Ban sani ba ko furar da nake dama masa tana gaya masa haka, kamar yadda na zaci taki tana gaya wa Baba. Ko shi ma Baba ya jira ne har ya gaji?

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Malam ɗinki a Aljanna. In kun haɗu, Inna, ki kira sunansa ko sau ɗaya.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza