Albasar Kwadon da Jan Biron Dakta Bamanga

Kagarawal, Gombe.
Watan Yuni.

Zuwa ga Yaya Lazarus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da Anti Jummy da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Na rubuto ne don a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Gaskiya ne abin da ka ji. Dakta Bamanga, malamin da ke duba kundin bincikena, ya sake dawo mini da babi na biyu, jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kai. Bai ce binciken ba shi da kyau ba. Damina da rani ina Kwadon wurin manoman albasa, na san dalilin da take ruɓe musu a rumbu. Turancin ne matsala. Ya ce ina rubutu kamar mai ba da labari a bakin kasuwa. Duk inda na ce "kowa ya sani", sai ya rubuta a gefe: "Wa ya faɗa? A wane littafi?" Jimlata ɗaya, in ji shi, ta ɗauko kaya uku a ka.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Amma batun mutumin da ka ce zai rubuta mini, a bar shi. Yanzu kullum ina laburare, ina kwance rubutun masana sakin layi bayan sakin layi, in ga yadda suka ɗinka shi, sannan in gwada nawa.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Dokas.

Kagarawal, Gombe.
Watan Agusta.

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan ruwan saman Jos bai hana ku fita aiki ba. Mu nan lafiya.

Danny mai shagon kwamfuta ya kawo mini aikin da ka sa shi, babi biyar cif, har da bango. Na ce a bari, ka yi gaban kanka. To, na karanta. Turanci kam kamar zuma, ko ni sai da na yi sha'awa. Sai dai Danny bai taɓa taka Kwadon ba. Ya rubuta cewa albasa tana ruɓewa ne saboda jahilcin manoma. Yaya, akwai wata Inna Asta da ta ba ni tabarma da fura, ta kai ni rumbunta, ta nuna mini inda iska ba ta shiga, ta faɗa mini irin rufin da take so in da hali. Wannan matar zan sa hannu in kira jahila, don kawai jimlar ta yi daɗi? Na mayar masa da kayansa.

Na san abin da hakan ke nufi. Ba zan gama kafin a rufe karɓa ba, sunana ba zai fito da na 'yan ajinmu ba. Nancy da muke ɗaki ɗaya ta sayi nata, za ta tafi hidimar ƙasa, har ta ce mini, "Ke dai Dokas, taurin kai zai kashe ki." Ni dai na taya ta haɗa kaya.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka gaya wa Mama wai yajin aiki ne ya riƙe ni. Na san ta ɗinka ankon bikin yaye ni, ta gaya wa matan zumunta. Ni zan je Kaltungo in faɗa mata da bakina cewa Turanci ne ya kayar da ni, kuma ban gama da shi ba.

Na san wahalar da ka sha a kaina, ban raina ba. Amma ba zan miƙa wannan aikin ba.

Taka,
Dokas.

Kagarawal, Gombe.
Watan Mayu.

Yayana Lazarus,

Gaisuwa mai yawa. Ina tambayar lafiyarka wurin Anti Jummy, tunda kai ka daina ɗaukar wayata tun bara.

Jiya na kare kundina. Malamai suna jere, da wani baƙo daga wata jami'a. Ya buɗe babi na huɗu, ya ce me ya sa na rubuta "mai yiwuwa ne" maimakon in yanke hukunci. Na ce masa rumbuna kaɗan na auna, a gari ɗaya, hujjata ba ta kai in rantse ba. Na yi tuntuɓe a Turancin, na tsaya, na gyara, na ci gaba. Ya juya shafi. Da na fito Dakta Bamanga ya ce, "Har yanzu waƙafinki yana yawo, amma kin wuce." A bakinsa wannan kirari ne.

Makin ba babba ba ne, kuma watannin nan sun yi ɗaci. Ranar bikin yaye su Nancy ban iya fita ba. Mama ta yi fushinta ta huce, ta ce ankon ba ya ruɓewa.

Saura kai. Ba zan ba ka haƙuri a kan abin da na yi ba, don ko gobe haka zan yi. Amma ina kewarka. Ranar Asabar ina tafe Jos da motar safe, da kundin a jaka da buhun albasa daga Inna Asta. In ka ga dama ka rufe ƙofa. Anti Jummy ta riga ta ce za ta buɗe mini.

Ƙanwarka har kullum,
Dokas.