Abin da Auta Ta Faɗa a Bayan Labule

Zuwa ga Yayata, wadda ta riga mu gidan gaskiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto miki daga nan Madina ne don in ba ki labarin 'yarki. Na san waɗansu za su karanta, shi ya sa ba zan kama sunanki ko na garinmu ba. Ita ma zan kira ta Auta, yadda kike kiranta.

Bayan an ƙone garinmu, ƙanenmu ya tsince ta a sansanin gudun hijira a Chadi. Ya sha wahala kafin ya turo mana ita cikin 'yan Umra, maigidana kuma ya yi ta bin kafil ɗinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar nan, har aka sa ta cikin iƙamarmu, takardar izinin zama. Ranar da na tarbe ta a Jidda, tafiyarki na fara ganewa, wannan ɗan karkata kafaɗa da kike yi. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe gefen abayata har muka iso unguwarmu ta Ƙurban.

Kin san Auta da Larabci, ta fi mu duka iyawa. To tun da ta zo ta daina shi. 'Ya'yana haihuwar nan ne, ki yi musu Hausa su amsa da Larabci, ita kuwa da sun fara sai ta tashi ta koma bayan keken ɗinkina ta zauna. In mai kanti ya ɗaga murya, sai ta ɓuya a bayana. Sallah da karatun Alƙur'ani kaɗai take yi da shi. Na ɗauka baƙunta ce, za ta wuce.

Ana nan sai waɗansu mutane biyu suka neme mu, masu bincike daga wata kotu a ƙasar Turawa. An kama ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci harin, kuma an gaya musu akwai yarinyar da ta gan shi da idonta. Maigidana ya ce atafau. Ya ce ƙanenmu yana can ƙasarmu da iyalinsa, in sunan yarinyar ya fita wa zai tsare su? Ban ga laifinsa ba, ni ma abin da ke raina ke nan.

Akwai wata likita 'yar Kano a unguwar Aƙiƙ da nake yi wa ɗinki. Ita na kai wa kukana. Har yau ina tuna abin da ta ce mini: "Maman Sadiƙ, kada ki yanke mata, ki tambaye ta. In ta yarda, kada ki bari a yi ta sa ta maimaita labarin ga wannan da wancan. Kuma duk lokacin da ta ce ta gaji, a tsaya."

Na tambaye ta muna tsintar shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Inna, in na faɗa, shi mutumin zai ji?" Na ce zai ji. Ta ce to za ta faɗa.

Yaya, kin san ni da kunyar baƙi, amma ranar da suka dawo ban san inda na samo baki ba. Na ce ba za a ga fuskarta ba, ba za a ambaci sunanta ba, ƙafata ƙafarta, kuma ba za ta yi magana da Larabci ba, harshen waɗanda suka kai harin. Wannan na ƙarshe ya ba su wahala, don tafintan Larabci suke da su. Na ce to su haƙura. Bayan wasu watanni suka samo wata tafintar Hausa 'yar Damagaram.

Garin da aka kai mu akwai sanyi, ga ruwan sama ba ya yankewa. Kafin ranar suka zaga da ita ɗakin shari'ar babu kowa a ciki, ta zauna a kujerar, ta taɓa labulen da za a ja, suka jiyar da ita yadda na'ura za ta sauya mata murya. Da ta ji muryarta ta koma ta ƙato, sai ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun tana 'yar ƙarama, lokacin da na zo gida ganin Baba.

Ranar shaida aka zaunar da ni a bayanta, aka ce kada in yi magana. Ta faɗi yadda kika ji harbi da safe kina daka, kika ɗaga ta kika jefa cikin rumbun dawa, kika rufe. Ta faɗi abin da ta hango ta tsagar rumbun. Ba zan rubuta shi ba, ke kin sani.

Sai lauyan mutumin ya miƙe. Bai yi mata tsawa ba, a hankali ya yi tambayarsa. Ya ce wani mai shaida ya ji kina ƙwala mata kira a tsakar gida. In da gaske tana cikin rumbun, me ya hana ta fitowa da uwarta ta kira ta?

Alƙaliyar ta ce a tafi hutu, amma Auta ta girgiza kai. Ta ce maharan sun ga takalminta a ƙofar ɗaki, suka ɗora miki bindiga suka ce ki kira mai takalmin. Kika ɗaga murya kamar mai kiran yaro cin tuwo, da Hausar da ba sa ji, kika ce, "Auta! Zauna inda kike! Ko me kika ji kada ki fito, ban yafe ba in kin fito!" Ta ce sau da yawa kika maimaita, su suna zaton kira kike.

Tafintar ta kai rabin maganar ta tsaya. Sai da aka ba ta ruwa. Ni kuwa a nan na fara jin yadda kika rasu, a bayan 'yarki, cikin mutanen da ban sani ba, kuma an hana ni ko da dafa kafaɗarta sai an tashi.

Ba zan ɓoye miki ba, duk kariyar da suka yi mata ba ta hana abin ya kayar da ita ba. Da muka dawo ta kwanta, ta daina cin abinci, gashinta ya riƙa zuba. Likitar nan ta yi ta zuwa bayan ta tashi daga aiki, ta zauna kusa da ita ko da ba za su ce wa juna komai ba. Maigidana bai taɓa ce mini ga abin da ya guda ba, sai dai ya dawo daga garin Khaibar da ɗanyen dabino ya ajiye mata a bakin gado. Shari'ar kuwa har yau ba a yanke ba. Ƙanenmu ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar don tsoro, ko da yake babu wanda ya taɓa shi. Wani lokaci ina tambayar kaina ko daidai na yi da na kai ta, kuma ban sami amsa ba.

Ranar Asabar da ta wuce ta ce in raka ta masallacin Ƙuba. Bayan mun idar muna zaune a harabar mata, sai ta ce, "Inna, da na fito, da sun ƙyale ta?" Ashe abin da take ɗauke da shi ke nan duk shekarun nan. Na ce mata a'a, da ku biyu za mu rasa. Na ce umarni kika ba ta, ta bi, kuma ba ki taɓa haihuwar wanda ya yi miki biyayya irin tata ba. A nan ta kifa kanta a cinyata ta yi kukanki, har wata tsohuwa 'yar Turkiyya ta matso tana shafa mata baya.

Yayata, 'yarki ta yi tsawo, ta kusa kamo ni. Jiya ta cinye abincinta.

Allah Ya jiƙanki, Ya karɓi shahadarki, Ya yalwata kabarinki in har an samu wanda ya yi miki shi. Allah Ya sanyaya zuciyar Auta da ta duk yaron da aka sa ya faɗi irin abin da ta faɗa. Ya haɗa mu da ke a inda babu mai firgita kowa. Amin.

Ƙanwarki mai kewarki,
Maman Sadiƙ