Falmata, Ki Cire Hoton Hajja Daga Fastarki

Zuwa ga ƙanwata Falmata, wadda yanzu ake ce wa Honarabul,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ce yayarki Bintu, daga gidanmu na unguwar Fezzan. Na rubuto a nan inda kowa zai gani ne saboda na kira lambarki har na gaji. Kullum wata mata ce ke ɗauka, ta ce kina taro.

Ranar Talata mutanenki suka zo rumfarmu a Kasuwar Kwastam da samfurin fastar zaɓe mai zuwa. Ke ce a jiki, kin rungume Hajja, mahaifiyarmu, kina kuka. Wai tunda ni ce babba, in sa albarka kafin a buga. Ban sa ba, kuma bari ki ji dalili.

Ni na fara ganin baiwarki kafin kowa. Kina ƙarama kike ɗaura lafayar Hajja, dogon mayafin nan nata, a tsakar gida, ki kwaikwayi yadda take ciniki da masu sayen turaren wuta, har ita kanta ta yi dariya ta riƙe ciki. Da kika fara fitowa a wasan talabijin na nan garin, dangin Baba suka daina zuwa gidanmu. Ranar da kika ce za ki tafi Kano harkar fim, Hajja ce ta tsaya a zaure gaban kawunnanmu ta ce, "Ni na haife ta, ni na san tarbiyyar da na ba ta." Ni kuma na raka ki tasha, na riƙe miki jaka har mota ta cika.

Ba zan rage miki komai ba, kin iya. Fim ɗin da kika fito a matar da aka kashe wa miji, ta tako daga ƙauye da ƙafa da 'ya'ya uku, har yau ban iya kallonsa zuwa ƙarshe. Kafin ki yi shi kin zo gida kin yi wata guda kina zama da matan da suka gudo daga ƙauyuka, waɗanda Hajja ta ba ɗakin baya. Kin ci abinci da su a kwano ɗaya, kin koyi yadda suke yin shiru a tsakiyar magana. Da aka ba ki lambar yabo, su suka fi kowa guɗa.

Shi ya sa da kika dawo kika ce kina neman kujerar majalisa, ban tsaya tunani ba. Na rufe rumfa, na shiga gida-gida daga Fezzan har Moduganari. Inda aka ce mini 'yar fim ba za ta iya ba, na rantse musu da Allah za ki iya. Na ce musu kin san magudanar layinmu da ta toshe, domin kin taɓa faɗawa ciki da kayan makaranta. Saboda fuskata da ta Hajja mata suka yi layi cikin rana. Kika ci, kika tafi Abuja.

Shekara ta farko kin zo Sallah. Ta biyu kin aiko da rago da direba. Magudana tana nan yadda kika bar ta. Matan da na rantse wa ba su taɓa yi mini gori ba, sai dai su gaishe ni su wuce, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Sai ruwan ambaliya ya shigo gari. Da safe ya kai mana gwiwa, kafin hantsi ya kai ƙirji. A bayana na goyo Hajja har bakin titi. Mama Ngozi, mai sayar da tukwane kusa da rumfarmu, ita ta zo da motar kayan mijinta ta kwashe mu zuwa wata makarantar firamare. Gaskiya ne kin aiko a kai Hajja otal, ita ta ƙi, ta ce ba za ta bar maƙwabtanta a kan tabarma ba. Amma ba mota take jira ba, Falmata. Duk motar da ta tsaya a bakin ƙofa sai ta ɗaga kai.

A kwana na biyar kika zo, da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto. Kika shigo ajin da muke, kika faɗa jikin Hajja kina kuka. Na yarda wannan kukan na gaske ne, domin ni ma na yi. Sai mai kyamara ya ce bai samu ba, haske bai yi ba, a matso bakin taga a sake. Na zuba miki ido ina jiran ki kore shi. Kika share fuska, kika kama tsohuwa mai zazzaɓi kika tayar da ita, kika kai ta bakin taga, kika sake rungumarta, hawayen kuma suka sake zubowa.

Wannan na biyun shi ne a jikin fastarki.

Bayan kun tafi, can da la'asar Hajja ta kira ni. Ta ce, "Na farkon nawa ne. Na biyun ban san na wa ba ne." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Tarin da ta kwaso a makarantar nan bai sake ta ba. Mun koma gida bango bai bushe ba, ta yi wata biyu tana jinya, Allah Ya karɓi abinsa. An yi jana'iza kina hanya. Kika iso ranar uku da jiniya, 'yan sandanki suka matsar da tsofaffin da ke zaune a zaure don ki samu wurin wucewa.

Na san masu karanta wannan za su ce hassada ce, yaya tana kasuwa, ƙanwa tana majalisa. Su faɗa. Ban hana ki tsayawa takara ba, ban ce kada a zaɓe ki ba. Ni dai ba zan ƙara shiga gidan kowa da sunanki ba. Hajja kuwa tana kabari, ba za a manna fuskarta a bangon kwata da jikin keke ba, rana ta ƙona, yara su yaga. Ki sa taki fuskar, ai duk ƙasar nan an san ta.

Saura abu ɗaya, kuma a nan ni ce mai laifi. Ranar ukun nan kin ja ni ɗakin Hajja, babu kowa, babu kyamara. Kika zauna a bakin gadonta, kika tambaye ni da muryarki ta da, "Ya Bintu, ta bar mini saƙo?" Na ce a'a. Ƙarya na yi miki, don ina so ki ji zafi. Na ga kin ji, kuma bai rage mini komai ba.

Ta bar miki saƙo. Kwana biyu kafin ta rasu ta gan ki a talabijin kina jawabi, ta daɗe tana kallonki. Sai ta ce, "Yarinyar nan ta rame. Ki ce mata ta riƙa cin abinci. Ki ce mata ban riƙe ta da komai ba." Ga shi na isar. Ki yafe mini jinkirin.

Allah Ya jiƙan Hajja, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya tsare ki daga mutanen da ke kewaye da ke, Ya sassauta mini abin da ke raina, domin ni ban kai inda ta kai ba tukuna. In za ki zo, ki zo ke kaɗai. Ina gida kullum bayan la'asar.

Yayarki,
Bintu