Inna Kulu, a Wane Gefen Iyaka Aka Haife Ni?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Innata, ƙanwar mahaifiyata, Inna Kulu, a can ƙetare.

Ki gafarce ni, Inna, da na ɗaga miki hankali da takarda a waɗannan shekaru naki, kuma a bainar jama'a. Ba haka na so ba. Lambar da nake samun ki da ita ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla. An ce kin bi ɗanki Sani kun koma wani gari can cikin ƙasar Benin, ba wanda ya iya faɗa mini sunan garin daidai. Shi ya sa na sa wasiƙar a shafina na sada zumunta, ko Allah zai sa wani cikin masu ƙetarawa cin kasuwa ya gani ya karanta miki. Duk wanda ya ɗauki wannan nauyi, Allah ya biya shi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jiki, ya gwiwar nan taki? Ya Sani da iyalinsa? Mu nan Bagudo lafiya lau, sai godiya.

Inna, wata buƙata ce ta taso mini, kuma duk duniya yau ke kaɗai kika rage da za ki iya warware ta.

Kin san har yanzu ina koyarwa a firamare, ni ke ɗaukar 'yan aji shida darasin kimiyya. To, an aiko da takarda makarantarmu cewa za a ɗauki malamai a kai su bita kan ilimin sararin samaniya, wato sha'anin rana da wata da taurari. Wanda ya samu shiga, za a koya masa aiki da na'urar hangen nesa, a ba makarantarsu guda ɗaya ya dawo ya nuna wa yara. Guraben kaɗan ne. Hedimasta ya ce sunana zai tura.

Sharuɗɗan na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya, da tsoro. Takardar shaidar malanta, ina da ita. Sun ce sai wanda ya jima yana koyar da kimiyya ko lissafi, kuma ni alli ya riga ya cinye mini yatsu. Wasiƙar hedimasta tana hannu, hotuna na ɗauka. Akwai alkawarin da mutum zai sa wa hannu cewa in ya dawo zai kafa ƙungiyar yara, ba zai kulle na'urar a ofis ba, na sa hannu da zuciya ɗaya. Izinin maigida ba su tambaya ba, amma shi na fara nema, ya ce in je Allah ya tsare. Har adireshin saƙo na intanet Madam Ngozi ta buɗe mini, abokiyar aikina ce mai koyar da lissafi, mijinta ke sayar da kayan gyaran babur a bakin tasha.

Abu ɗaya ya tsaya mini a wuya. Suna son takardar rantsuwa daga kotu, wadda wani babba a dangi zai rantse a kai cewa ga garin da aka haife ni.

Da ina da ita. Baba ya yi mini tun muna jihar Sakkwato. Kina tuna shekarar da aka yanke mana Kebbi, ita ce shekarar da na gama makarantar horon malamai? Baba yana dariya yana cewa, ko tabarma bai gusar ba an sauya masa jiha. Takardar nan ta tsufa a akwatin Umma a Kaoje, sai ruwan da ya ci gidanmu na baya ya tafi da akwatin gaba ɗaya. Kaoje aka rubuta a cikinta. Amma ko a lokacin na san Baba garinsa kawai ya faɗa, don ba ya nan aka haife ni. Allah ya gafarta masa, shi bai ɗauke shi komai ba.

Ni ce 'yar fari, Inna. Kin san al'ada: ciki ya tsufa, sai a mai da mace gidan iyayenta goyon ciki. Gidan iyayen Umma kuwa a gefenku yake, bayan iyaka. Ke aka aiko ki tafi da ita, kina budurwa. Wannan kowa ya yarda da shi. Daga nan ne maganar ta rabu biyu. Marigayiya Gwaggo Asabe ta ce ba ku kai ba, naƙuda ta kama Umma a hanya, kuka ratse wata tunga ta manoma a gefen nan namu, nan na faɗo. Matan gidan Kaka kuwa, duk zuwan da na yi ina yarinya, sai sun nuna mini bayan wani ɗaki su ce nan aka binne cibiyata.

Za ki ce me ya hana in tambayi Umma tun tana raye. Inna, kin fi ni sanin yayarki da kunyar ɗan fari. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke," ko "wance," ko ta ce da ƙannena, "ku kira mini waccan." Sau ɗaya na yi ƙarfin hali, ina da aure har da goyo. Tana sheƙar shinkafa a tsakar gida na ce, Umma, wai a ina aka haife ni? Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kaji sun shiga shanya." Na tashi na kori kaji. Maganar ke nan har yau.

Kowa a nan yana ganin na cika tsanani. Hedimasta ya ce ubana ɗan Kaoje ne, kakana ɗan Kaoje ne, ba mai ƙwace mini zama 'yar ƙasa, in rubuta in wuce. Madam Ngozi har da riƙe ciki don dariya, ta ce, "Malama, sama aka ce ki duba, ba ƙasa ba. Wata bai san kwastan ba." Na yi dariya ni ma, amma na dawo gida abinci ya ƙi shiga.

Baffa Manu, ƙanen Baba, shi ya rage mini a dangin uba. Da na je masa da maganar, tun kafin in rufe baki ya fara laluben sandarsa, ya ce a kai shi kotun yanzu, ɗiyar wansa ce, 'yar Kaoje ce, wa ya isa. Alhali shi da bakinsa ya sha ba mu labari cewa shekarar da aka haife ni yana can wajen Yawuri yana su, wato kamun kifi, sai da na fara zama ya gan ni. Tsoho ne, Inna, idonsa ya tafi, kullum yana zancen kabari. In ɗauke shi in kai shi ya dafa Alƙur'ani a kan abin da bai gani ba, don ni in je bita? Tun muna makarantar allo malaminmu ya ce mana akwai rantsuwar da ke dulmiya mai ita. Mu da muka tashi a bakin ruwa mun san mene ne dulmiya.

Kuma ina son tafiyar nan, ba zan ɓoye miki ba. Har kunya nake ji yadda nake son ta. Bara da muka yi salla ranarmu daban, ku taku daban, wata ɗaliba ta ɗaga hannu a aji ta ce, Malama, watan Benin daban ne da namu? Yara suka kwashe da dariya. Na ce mata wata ɗaya ne, na zana ƙwallo a allo, na yi 'yan kame-kame. Na ga idonta bai gamsu ba, ni ma ban gamsu da kaina ba. Abin da na sani na littafi ne, ban taɓa ganinsa da idona ba. Da takardar bitar nan ta zo, bakina ya riga hankalina, na ce wa yaran in Allah ya yarda za su ga duwatsun da ke jikin wata kafin su bar firamare. Yanzu kowace safiya sai sun tambaye ni.

Ke kika fara sa mini wannan ciwo, in kin manta. Da na zo hutu gidan Kaka, da asuba in za mu rijiya, kike tsayar da ni ki nuna mini gamzaki. Da magariba ki nuna mini Zara kusa da jinjirin wata, ki ce, "Dube ta, ba ta yarda mijinta ya yi nisa." Ke ce kuma mutum ta farko a dangin Umma da na ji ta kira ni Hadizatu gaba ɗaya, ba ragi.

To, ga inda nake. Saura kwana goma sha ɗaya a rufe karɓar takardu. In kin ce a tunga ne, gefen nan, Baffa zai rantse a kan shaidarki, a rubuta cewa daga bakin wadda ta gani ya ji. In kuma kin ce a ɗakin Kaka ne, haka zan sa a rubuta, Benin ƙarara. Na tambaya a ofishin ilimi ko hakan zai sa a ture fayil ɗina, wani ya ce ba komai, wani ya ce masu tacewa ba sa son abin da zai sa su tambaya, ga masu nema da yawa. Ban sani ba. Ina kwana ina tashi da abin. In na rasa, zan tsaya gaban yaran nan in faɗa musu dalili.

Don Allah, Inna, kada tausayina ya sa ki zaɓa mini amsa. Na san halinki, za ki so ki faɗi wadda za ta fisshe ni. Wadda ta faru nake so.

In kuma ba zan yi rashin kunya ba, tunda ke kina wurin, ki haɗa mini da abu ɗaya wanda ba na kotu ba. Da aka miƙa mata ni, ta dube ni? Ta ce wani abu? Ko kalma ɗaya ce, ina so.

Allah ya jiƙan Umma da Baba da Kaka, ya haskaka makwancinsu. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sa ki gama da duniya lafiya, ya tsare harsunanmu daga faɗin abin da ba mu sani ba. Amin.

Ki sa Sani ya ɗauki muryarki a waya ya turo, ko ki ba masu zuwa kasuwa saƙo su kawo makarantarmu, kowa ya san ni. Ki amsa mini da wuri, Inna, kafin Alhamis ta sama.

Ɗiyarki mai jiran jin muryarki,
Hadizatu