Hancin Baba Ba Ya Jin Tina

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka buɗi, ya tsare ku a inda kuke, ya raya mana ƴarka Mai Kumatu cikin albarka. Nan gida muna nan gwargwado. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma zaga maƙwabta tana kwaso mana labarin da ba mu tambaye ta ba. Maigidana da yara suna lafiya, na bar su can na dawo gida na ɗan lokaci. Dalilin dawowar tawa shi ya sa na ɗauki biro, kuma Baba ya hana a gaya maka. Na zaɓi takarda ne saboda in na kira ka kuka zan yi, ga shi ka san kunnen Baba, ko ta bayan bango aka yi raɗa sai ya ji.

Kada gabanka ya faɗi, yana nan da ransa, yana tafiya da ƙafarsa. Amma mun kwanta asibiti da shi, kuma sanadin kayan zanen nan ne da ka aiko masa. Ba laifinka nake gani ba, Yaya. Ni ce ma na fi kowa murna da zuwan kayan. Tun da ya rufe shagon gyaran agogo ya zama kamar wanda aka ajiye aka manta, daga kujera sai gado, sai faɗa da rediyo. Da fentin mai da burusan suka iso, sai ga Babanmu ya dawo. Ya kwashe tarkacen ƙaramin ɗakin nan na ƙarshen baranda, ya kai tsohon teburinsa na shago, ya kafa katakon jingina zane. Da ruwan tsinka fentin da ka haɗo masa ya ƙare, ya tafi da kansa wurin masu sayar da fentin gini ya sayo tina, babban gwangwani, irin wanda masu fentin ƙofa suke amfani da shi. Ya ce ai duk ɗaya ne.

Abu biyu muka manta, mu duka. Na farko, hancin Baba ya mutu tun zazzaɓin da ya kwantar da shi shekarun baya. Mun mayar da abin wasa, Mama tana cewa babu macen da ta kai ta sa'ar miji, ko girki ya ƙone ƙurmus yabawa zai yi. Na biyu, mutum ne da ya yi rayuwarsa yana yaƙi da ƙura. A shago ba a buɗe masa taga, ka tuna yadda yake korar mu idan muka shigo da gudu. Da ya ga ɗan gashi ko ƙwayar ƙasa na manne wa ɗanyen fenti, sai tsohon hali ya motsa. Ya rufe tagar, ya cusa tsumma a kowace kafa, har ƙarƙashin ƙofa. Haka yake wuni a ciki da gwangwanin tina a buɗe, shi ba ya jin komai, warin kuma ba ya fitowa sosai balle mu farga.

Tun kafin ranar ya fara sauyawa. Kullum ciwon kai, in ya miƙe sai ya dafa bango. Ya riƙa manta magana a tsakiyarta, ya kira ni da sunan Goggo, ya yi wa Mama tsawa a kan cokali. Fatar yatsunsa ta bushe ta tsattsage. Mama ta kira ni a waya tana raɗa, ta ce tana tsoron ruɗewar tsufa ce ta fara kama shi, kamar yadda ta yi wa Kaka. Na kasa cin abinci ranar. Na ɗauki hutu a wurin aiki na taho, ina shirya yadda zan lallaɓa shi mu je a duba ƙwaƙwalwarsa, ban san abin yana ƙarshen baranda ba.

Washegarin zuwana Mama ta gama abincin rana ta buga masa ƙofa, shiru. Ta ce sarkin zane ya fito kafin ya huce, shiru. Na taɓa ƙofar na ji ya sa sakata ta ciki. Na kira Baba har muryata ta dushe. Da gudu na fita ba takalmi na kira kafintan da ke gefenmu, ya zo ya ɓalle ƙofar. Yaya, warin da ya buge mu sai da na ja baya, idona ya kawo ruwa nan take. Baba yana ƙasa tsakanin kujera da tebur, ya yi amai, burushi na hannunsa. Muka jawo shi baranda. Ya buɗe ido amma harshensa ya yi nauyi, ba a gane abin da yake faɗa. Mama ta zube tana salati, tana cewa shanyewar jiki ce. Ni ma abin da na ɗauka ke nan. A mota na rungume kansa ina ta lissafa yadda zan gaya maka mun rasa shi, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A asibiti aka yi gwaje-gwaje, ba a ga shanyewar jiki ba. Likitar da ta duba shi ta sunsuna hannun rigarsa ta tambaye mu sana'arsa. Da muka yi mata bayani, ta ce tururin tinan da yake shaƙa a rufaffen ɗaki ne ya yi masa haka, har da ciwon kan da mantuwar. Ta ce Allah ne ya taimaka muka ɓalle ƙofar da wuri, kuma ba ta ƙarasa maganar ba, ni ma ban so ta ƙarasa ba. Suka sa masa iskar taimakon numfashi, suka riƙe shi har ya dawo hayyacinsa. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an rufe masa ƙofar ɗakin, kada ƙura ta shiga. Mama ta ce da ba a gadon asibiti yake ba, da ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Da na koma gida ɗauko masa kaya, na shiga ɗakin na duba da kyau, kuma na gwammace ban duba ba. Kofi biyu iri ɗaya a kan tebur, ɗaya da sauran shayi, ɗaya da tinan wanke burushi, ga mutumin da ba ya jin wari. A ƙarƙashin tebur ga tulin tsummokara jiƙe da man da ake haɗa wa fenti don ya yi laushi. Na sa hannu zan kwashe, na ji tsakiyar tulin da ɗumi kamar an sauke shi daga kan wuta. Na kwashe su waje na zuba musu ruwa. Da tina kuma yake wanke hannunsa, shi ya tsattsage masa yatsu.

Da aka sallamo shi, Mama ta rantse sai kayan sun bar gidan. Ta zuba su a kwali ta kulle a ɗakinta. Baba bai yi musu ba, kuma wannan ya fi faɗa ba ni tsoro. Ya koma kujerarsa, ko rediyon bai kunna ba, abinci sai ya taɓa ya ture. Na ga muna shirin rasa shi ta wata ƙofar. Sai na nemi malamar zane ta makarantar da nake koyarwa, ta zo har gida ta zauna da su. Ta ce ba sai ya daina ba. Tinan masu fentin gini dai ya bar shi har abada. Akwai na masu zane, amma ko wanda aka rubuta marar wari ne, rashin warin ba ya nufin rashin illa, don haka kaɗan ake zubawa a ƙaramar kwalba mai murfi, a rufe da zarar an tsoma burushi. Taga da ƙofa a buɗe, iska tana ratsawa. Burushi a goge shi da tsumma, a wanke da ɗan man girki da sabulu, hannu ma haka. Tsumman mai kuwa ba a tara shi, don yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, sai dai a shanya shi a waje ɗai-ɗai ko a tsoma a gwangwanin ƙarfe mai ruwa a rufe. Ba ci, ba sha, ba wuta a ɗakin. Ta kuma ce akwai fentin mai da ake tsinkawa da ruwa zalla, shi ya fi dacewa da mai irin hancinsa.

Baba ya saurara kamar ɗalibi, ya yarda da komai, har ya yi mata godiya. Mama ta fito da kwalin tana mita. Yanzu ni ce hancinsa, ina zama a bakin ƙofa da aikina, in na ji wari ya yi yawa na ce ya fito. Yana kirana ƴar sanda. Amma, Yaya, na kama shi ya rufe tagar sau da yawa, da zarar na tashi ɗebo ruwa. Na kuma tarar da ragowar tsohon tinan a cikin wata kwalba da ya ɓoye a aljihun tebur. Da na nuna masa, ya ce shi ne yake saurin bushewa, kuma shi sauri yake yi. Hutuna ya kusa ƙarewa, dole na koma wurin yara da aiki. Mama ba za ta iya wunin gadi ba, kuma ba ya jin maganarta a kan wannan. Ina tsoron ranar da zan fita daga gidan nan, ina tsoron wayar da za ta biyo baya.

Jiya na tsare shi na tambaye shi saurin me yake yi. Sai ya janye yadin da yake rufe zanen da shi, wanda bai taɓa bari kowa ya ɗaga ba. Mai Kumatu ce, Yaya. Daga hoton da ka turo masa a waya yake zana ta. Kumatun sun fito, da ɗan kitson, da rigar mai ɗigo-ɗigo, amma wurin idanu fari ne fat, ya sha gogewa har yadin zanen ya fara laushi. Ya ce idanun ne suka gagare shi, a waya ƙanana ne, in ya buɗa hoton sai su watse. Sai ya zana, ya ga ba ita ba ce, ya jiƙa tsumma da tina ya goge, da madubin nan nasa na gyaran agogo mai ido ɗaya, fuskarsa dab da zanen. Haka yake yi ranar da ya faɗi. Ya miƙo mini hannunsa na dama ya ce in duba, na ga yana ɗan karkarwa. Ya ce rawar nan ce ta fitar da shi daga shago, ba gajiya ba kamar yadda ya gaya mana, kuma tana ƙaruwa, yana so ya gama jikarsa kafin hannun ya ƙi shi gaba ɗaya.

To ka ji abin da ke nan. Ina roƙonka ka aiko da fentin nan na ruwa da wuri, kada ka sake haɗo tina ko wane iri ne. Ka kira shi, amma kada ka yi masa faɗa, kuma kada ka ce ya daina, don ka san shi. Na san yanayin aikinka, na san tafiyar ba wasa ba ce, ban taɓa matsa maka a kan zuwa ba. Wannan karon ina matsawa. Bai taɓa ganin yarinyar nan ido da ido ba, kuma muddin daga waya yake nemo idanunta, zai ci gaba da gogewa a bayan rufaffiyar taga ko ina nan ko ba na nan. Ka ce masa ya ajiye burushin ya jira ku. Ka kawo ta ta zauna a gabansa ya gani da kansa.

Mama tana gaishe ku, ba ta san na rubuto ba, amma ina jin ta zarga, don ita ta miƙo mini ambulan. Goggo da Kawu suna gaisuwa, haka maigidana da yara. Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce ina roƙonta ta taya ni lallashinka. Ka sumbaci Mai Kumatu a madadina. Allah ya tsare mana Baba, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka.