Fitilun Dulcie Sun Kore Ni Daga Rumfar Ɗana

Anti Winnie, ki taimake ni. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na koyi biro a ajin coci.

Ɗana Ambrose masuncin ƙaguwa ne a nan gaɓar Newfoundland. Tun da teku ta cinye babansa, ni ke ɗinka masa ragar tarkuna, ni ke yanka kifin da ake sawa a ciki. Kullum kafin ya fita, mu biyu a rumfa, da shayi da burodin maɗi.

Bana matarsa Dulcie ta kawo wasu 'yan fitilu masu batir, kamar yatsa, wai a rataya cikin tarko ƙaguwa ta bi haske. Na yi dariya, na ce ƙaguwa ba ta zuwa biki. To, Anti, tarkuna suka dawo maƙil! Yanzu rabin kifin da nake yankawa ya ishe shi. Su biyu ke zama suna gwada batir suna ƙyalƙyala dariya, ni ina gefe da wuƙata. A bakin coci Ambrose ya ce matarsa ce ta ceci kakar bana. Hannuna da ƙanƙara ta tsattsaga fa? Na gaya masa hasken har ƙananan ƙaguwa yake tarowa, ya ce ai zubar da su suke yi, in daina damuwa. Dulcie ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Abin da ya rage mini shi ne zaren audugan nan da nake ɗinke gefen kowane tarko da shi. In roƙe shi ya cire fitilun?

Uwar Da Ke Gefe

Mama, rubutunki ya fita sarai, ciwonki ma haka. Wanda ya saba zama a gaba, gefe yana masa zafi, kuma Ambrose ya yi kuskure da ya yabi ɗaya ya manta ɗaya. Ki faɗa masa ku biyu, ba a bakin coci ba.

Amma kada ki roƙi a cire fitilu. Tarko ya cika da wuri, ɗanki ya dawo gida da wuri. Wace uwa ce za ta ƙi? Zancen ƙananan ƙaguwa kuwa gaskiya ne a duba. Ki kai wa Dulcie shi, ku gwada wasu tarkuna da fitila, wasu babu, ku gani da idonku.

Sannan ki tuna dalilin zaren audugan nan naki. Kina sa shi ne don in tarko ya ɓace a ƙasan teku, zaren ya ruɓe, abin da ke ciki ya fita da ransa. Kin daɗe da sanin cewa tarkon kirki yana da ranar saki. Gobe ki zuba shayi kofi uku, ki koya wa Dulcie wannan ɗinkin.

Allah ya dawo miki da Ambrose lafiya kullum.

Anti Winnie